Ranar Da Aka Tambayi Inna Ko Ita Ta Haife Ni

Ni 'yar fari ce, kuma a ƙasar Nijar aka haife ni, ko da yake ban cika wata uku a can ba. Babana Bakabe ne na Argungu, yana su, wato kamun kifi, da rani, yana noman shinkafa a fadama da damina, kuma kaburburan kakanninsa duka a nan suke. Inna ce 'yar tsallaken iyaka, inda mutanenmu ke kira Faransa, daga wani ƙauye na wajen Dogon Dutsi. Da cikinta ya tsufa aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Can ta haife ni a ɗakin kakata, can ta yi wankan jego, sannan aka rako ta gida ina bayan wata ƙanwarta, don ita ba za ta goya ni a bainar jama'a ba. Ƙannena duka a Argungu aka haife su. Ni kaɗai al'ada ta tsallakar.

Da aka yaye ni, Gwaggo, yayar babana, ta ɗauke ni zuwa Birnin Kebbi. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙe ni riƙon da ban taɓa jin maraici ba. Ita ta sa ni makarantar allo, ita ta sa ni boko, ita ta yi ta faɗa da Baba har ya bar ni na shiga sakandare. Argungu kuwa sai da hutu nake zuwa.

Yaran yanzu ba za su gane irin kunyar ɗan fari ta mutanen da ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata idan da mutane, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. In tana son ta ba ni abu, sai ta ce wa wadda ke kusa, "Miƙa ma waccan." In za ta yi maganata da Gwaggo, "ɗiyarki" take cewa. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Duk ranar da zan koma Birni, nakan tarar da busasshen kifi mafi tsoka a ƙasan jakata, an naɗe shi da kyau, ba wanda ya ce ga wanda ya sa. Haka muke, kuma ban ga aibin hakan ba sai shekarar da na nemi kwaleji.

Na gama sakandare ba da daɗewa ba bayan an ba mu jiharmu. Garin Birnin Kebbi ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato, motoci na sauke tebura da buhunan takardu, ofisoshi a gidajen haya, har a unguwarmu ta Badariya akwai gidan da aka mayar da ɗakin amarya ofis. Kowa na cewa sabuwar jiha na neman malamai, musamman mata. Shugabar makarantarmu ta kira mu biyar ta ce mu sayi fom ɗin kwalejin horar da malamai. Ni dama tun ina aji uku nake tara yaran maƙwabta a zaure ina koya musu baƙi da ƙidaya da gawayi a jikin bango. Babu abin da nake so kamar a ce ga ajina.

A tsakar gida na cika fom ɗin, da hantsi, Gwaggo na tankaɗe. Da na zo wurin da aka ce a rubuta inda aka haife ni, na rubuta sunan ƙauyen kakata, na sa Nijar a gaba. Ko ɗar ban ji ba. Gaskiya aka tambaye ni.

Sunana ya fito. Takardar ta ce an ba ni gurbi, amma ba za a yi mini rajista ba sai na kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarmu, kuma kafin ƙarshen watan farko na karatu. Gwaggo ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Washegari ta shiga kasuwa ta sayo akwatin ƙarfe, bokiti da fitila, ta sa mai fenti ya rubuta sunana a jikin akwatin.

Mun je Argungu ni da Baba. Mai unguwa ya sa hannu, hakimi ya sa, ba wanda ya ɓata mana lokaci. Sai a sakatariya magatakarda ya ɗora takardun a kan kwafin fom ɗina, ya tsaya da biro a sama. Ya ce akwai umarni, duk wanda aka haifa a wajen ƙasa sai ya fara kawo takarda daga ofishin shige da fice cewa an tantance shi ɗan ƙasa ne.

Baba ya ture hularsa baya, ya nuna tsagar da ke kumatunsa. "Yaro, dubi fuskata da kyau. Wanga zane a Faransa anka yi mini shi?"

Magatakardan ya yi dariya. "Baba, ni na san ka, kifinka muke ci gidanmu. Amma takarda ba ta da ido."

Haka aka buɗe mini fayil a ofishin shige da fice na Birnin Kebbi. Aka ce abu ne mai sauƙi, tunda uba ɗan ƙasa ne, ɗiya ma 'yar ƙasa ce ko ina aka haife ta, sai dai a tabbatar ɗiyar tasa ce. To ƙauyen kakata ba asibiti, ba takardar haihuwa, ungozomar da ta yanke mini cibi ta daɗe da rasuwa. Aka ce in riƙa leƙowa.

Na riƙa leƙowa Litinin da Alhamis. Akwai benci a gindin dogon yaro, nan muke zama da wasu irina, kowa da ambulan a cinya. Ba a ce mini a'a ba, ba a ce mini e ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da an kore ni, da na yi kuka na tashi. Amma kullum sai a ce ana kan aiki, in dawo gida in tarar da akwatin nan a lungun ɗaki, ban san in zuba kaya ciki ko in bar shi ba. Ƙawayena huɗu suka tafi. Ɗaya ta aiko mini da wasiƙa cewa ta kama mini gado kusa da taga, ta ɗora ɗankwalinta a kai. In na idar da salla sai in rasa me zan roƙa, in ce dai Allah ya zaɓa mini, alhali zuciyata ta riga ta zaɓa.

Wani maƙwabcinmu ya ba da shawara a je kotu Baba ya yi rantsuwa cewa a Argungu aka haife ni, kuskure na yi a fom. Ban bari maganar ta isa kunnen Baba ba. Ba zan sa tsoho ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani saboda gado kusa da taga ba.

Ana cikin mako na huɗu da fara karatu aka ce in kawo iyayena su ba da shaida. Na yi murna, na ɗauka ƙarshen abin ke nan. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa zan tsaya in shirya Inna ba. Gwaggo ma, da duk wayonta, bai zo mata ba.

Sun iso da motar farko. Inna ta sa mayafinta na zuwa biki, ta cire takalmi a ƙofar ofis sai da aka ce ta mayar. Ba ta taɓa shiga ofis ba a rayuwarta. Aka ce Gwaggo ta jira a waje, iyaye kaɗai ake so. Jami'in mutumin kudu ne, matashi, mai fara'a, har ya tashi ya jawo wa Inna kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka wani dattijon masinja ɗan gari ne ke tafinta. Ni ina tsaye jikin bango.

Da Baba aka fara. Aka tambaye shi ko ni ɗiyarsa ce, ya ce haka ne. Aka ce ya faɗi sunana. Ya yi tari, ya dubi silin, ya furta shi da sauri kamar ya ɗauki garwashi. Jami'in ya rubuta. Aka tambaye shi ko yana wurin da aka haife ni. Baba ya ce wane namiji ne ke zuwa gidan surukai ranar haihuwa, shi sai ranar suna ya aika da rago. Jami'in ya ce to ashe uwar ce kaɗai shaidar haihuwar.

Tafinta ya juya wurin Inna. "Baiwar Allah, yallaɓai na tambaya, wagga yarinya ɗiyarki ce?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ɗiyar Yaya ce."

"Wace Yaya?"

"Wadda ke waje."

Tafinta ya gane. Ya yi murmushi, ya rage murya kamar mai lallashin yaro. "Na sani, na sani. Kunya ce. Amma nan ba gida ba ne, nan hukuma ce. Ke kinka haihe ta?"

Inna ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. "Su anka ba."

"To ko sunanta ki hwaɗi, shi ke nan, mu tashi."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Ina ganin yatsun ƙafarta suna murza siminti. Mijinta na zaune, baƙin maza biyu na kallonta, ni ina tsaye, ana so ta buɗe baki ta faɗi abin da ta shekara goma sha tara tana rufewa. Yanzu na san abin da aka nema a wurinta. A lokacin kuwa ji nake kamar in kama kafaɗunta in girgiza.

Tafinta ya yi wa jami'in bayani da Turancinsa na masinja, ni ma na sa baki da nawa na makaranta. Na ce al'ada ce, uwa ba ta amsa ɗan fari. Ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce ya ji, kuma a ransa ya yarda, ko makaho ya shafa fuskokinmu ya san jini ɗaya ne. Amma abin da ta faɗa shi zai rubuta, ba abin da muke cewa take nufi ba. Ya ce ana kawo yara daga tsallake a ce na wane ne, shi ya sa aka kafa wannan tambayar. Sau uku ya sa aka sake tambayarta, har ya ajiye biro ya jira. A ƙarshe ya rubuta cewa matar ta ce yarinyar ta wata ce, ya ce dole fayil ya tafi babban ofis a yi bincike. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Ya yi abin da zai iya.

A waje, da Gwaggo ta ji, sai ta ajiye buta ta tafa hannu. "Ɗiyata? Ni kinka ce musu? To ni da ban taɓa ko ɓari ba, a ina na samo ta, a kasuwa?"

"Yaya, gaban maza hwa," in ji Inna. "Gaban ubanta."

"Ubanta bai san ke kinka haihe ta ba? Shi ma yau za shi ji labari?"

"Yaya, ki bari."

"Ba ni bari! Kalma guda! Ko akuya in an taɓa ɗanta tana kuka!"

Baba ya ce mutane na kallo, a tafi. Muka raka su tasha. Da motar za ta tashi na durƙusa na yi wa Baba sallama, na miƙe ban yi wa Inna ba. Ta gani. Wannan abin har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Na je kwaleji na roƙi mai rajista, ya ƙara mini mako biyu a kan wa'adin, ya ce iyakar ikonsa ke nan, akwai masu jiran gurbi a bayana. Kwana goma ban ci abincin kirki ba. Na daina zuwa gindin dogon yaro. Sai Gwaggo ta ce in shirya mu je Argungu, na ce ba inda za ni, ta ce ba shawara take nema ba.

Mun tarar da Inna tana turara shinkafa a bayan gida, tururi ya rufe ta, ta rame. Na gaishe ta, ta amsa wa tukunya kamar kullum. Ta shimfiɗa wa Gwaggo tabarma, ta kawo fura, ta koma ta ci gaba da juya shinkafa. Ba wanda ya ta da maganar. Sai da ta sauke tukunya ta baza shinkafar a kan tabarmar shanya, ta juya mana baya, ta ce, "Yaya, ki ce ma ɗiyarki, in za su hidda maza waje, ni koma."

Gwaggo ta ajiye ƙwaryar fura. Ta dube ni. Muka koma Birni tare da Inna, muka kai wa ofis sharaɗinta.

Jami'in ya yarda. Ya fitar da masinja, Baba dama bai zo ba, aka kira wata mai buga tafireta 'yar gari ta yi tafinta. Shi bai iya fita ba, don shi ne mai rubutu, amma ya juya kujerarsa ya fuskanci taga. Inna ta tashi ta je kusurwa, ta fuskanci bango kamar mai shirin kabbara. Aka yi tambayar. Ta ce, "Ni na haihe ta. Ranar Laraba, da hantsi, ɗakin uwata." Aka ce suna. Ta faɗa. Ba ta yi sauri irin na Baba ba, a hankali ta faɗe shi, ta ja ƙarshensa yadda mutanensu na can suke ja. Ban taɓa jin kowa ya kira ni haka ba. Daga nan ta dangwala yatsa a takarda, ta fita da sauri ba ta dubi kowa ba, har ta bar takalminta guda.

Ina tattara takarduna jami'in ya yi mini magana da Turanci, a hankali. Ya ce kada ya ruɗe ni, fayil ɗin ya riga ya tafi da shaidar farko. Wannan za ta bi shi a baya, kuma yanzu shaidu biyu ne masu karo da juna daga bakin mutum ɗaya, sai an zauna a kansu. Ya ce yana da yaƙinin zan samu, amma ba cikin kwana huɗu ba, ba ma cikin wata huɗu ba. Da Inna ta faɗi haka tun ranar farko, in ji shi, da a teburinsa aka gama.

Na fito da takalmin a hannu. Inna na zaune a bencin nan, ta lulluɓe har ido. Ta tambayi Gwaggo, "An gama?" Gwaggo ta dube ni. Na ce, "An gama."

Ranar da wa'adi ya cika na je kwaleji ni kaɗai. Mai rajista ya ba ni haƙuri, ya ja layi a kan sunana da rula, tsaf, ya rubuta na wata a gefe. Ban nemi ƙawayena ba. Na zauna a bakin titi har mota biyu suka wuce ni kafin na iya ɗaga hannu.

Gwaggo kaɗai na gaya wa gaskiya, na kuma roƙe ta kada Inna ta ji. Ta ce, "To mi za mu ce mata? Ƙarya za mu yi da girmanmu?" Na ce ita ba sai ta ce komai ba, ni zan aika. Na aika Argungu cewa takarda ta yi kyau, amma na sake shawara, karatun ya fita raina. Na kasa barin matar da ta tsaya ta fuskanci bango ta yi abin da ya fi mata wankan jego zafi ta san cewa a banza ta yi, kuma shirunta na farko ne ya jawo.

Takardar ta fito a shekara ta gaba, bayan an rufe sayar da fom. Kafin wata shekarar ta zagayo na yi aure, da yardata, ba wanda ya tura ni. Maigidana bai hana ni nema ba, har ya taɓa yi mini tayi. Ni ce na kasa. Duk lokacin da na ga fom sai in ture shi, in ce sai baɗi, har yara suka zo.

Amsar Inna ta same ni ta bakin Gwaggo, mako guda bayan saƙona. Ta ce a gaya wa waccan, tunda ta san ba ta so, don me ta sa aka tsiraita ta gaban hukuma. Bayan haka shekara biyu ban tarar da komai a ƙasan jakata ba. Daga baya ta huce, amma ba ta manta ba. In ana hirar karatun mata a gidan biki, takan ce, ba tare da ta dubi inda nake ba, "Wasu an sha wuya a kansu, sunka watsar." Mata su yi dariya, ni ma in yi.

Na yi niyyar gaya mata sau da yawa. Da ta kwanta ciwon ajali na yi mako uku ina jinyarta, ina juya ta, ina ba ta kunu a baki, mu biyu a ɗaki ba kowa. Kullum sai in ce gobe, in ta ɗan ji sauƙi. Na tambayi wani malami ko irin wannan ƙaryar tana cikin waɗanda ake yafewa, ya ce yana fata, tunda don kwantar da zuciyar uwa aka yi. Amma ban tabbata na kwantar da ita ba. Ta rasu tana ganin ni mai wasa da wahalar mutane ce, kuma ni na zaɓa mata wannan ganin ba tare da na tambaye ta wanne ta fi iya ɗauka ba. Allah ya jiƙanta, ya yafe mini.